Ina 256MB ɗina suka tafi? Muhawara kan crashkernel

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata tsohuwar kwamfuta mai RAM 8GB da na mayar saba (server), AlmaLinux 9 na ɗora mata, tana riƙe da bayanan wata ƙaramar makaranta. Kwana biyu nan tana kashe kanta ta sake tashi cikin dare, babu gaira babu dalili. Garin bincike sai na leƙa /proc/cmdline na ga wannan:

crashkernel=1G-4G:192M,4G-64G:256M,64G-:512M

A /proc/iomem ma akwai wani layi mai suna Crash kernel, kuma da na lissafa girmansa 256MB ne cif. Wato tun kafin na'urar ta gama tashi an yanke wannan an ajiye, ba abin da ke taɓa shi. Ni dai ban sa ba. Tambayata biyu: shin shi ke jawo min wannan mutuwar daren? In kuwa ba shi ba ne, zan iya goge layin in karɓi kayana?

Mai_Gardama:
Wa alaikumus salam. Ba shi ba ne. Goge abinka, ka kashe kdump, wato tsarin da ke amfani da wurin don ɗaukar hoton RAM in na'ura ta faɗi, ka huta. Duk VPS (sabar haya ta intanet) da na kama, abin da nake fara yi ke nan tun kafin in canza kalmar sirri.

Tsohon_Admin:
Wa alaikumus salam. Rabin amsar Mai Gardama daidai ce: ba shi ke kashe maka na'ura ba. Amma ƙanena, kai da bakinka ka ce saba tana mutuwa cikin dare ba ka san dalili ba, sannan kana neman ka sallami mai gadi ɗaya tilo da aka ajiye don ya gaya maka wanda ya shigo? Dakata tukuna.

Ga abin da ke cikin wannan wurin. Kenel ne na biyu (kenel shi ne zuciyar Linux), kwance yake da ɗan initramfs ɗinsa, wato ƙunshin fayilolin da yake tashi da su, kexec -p ya loda shi tun da safe. Ba ya aikin komai. Ranar da kenel na farko ya yi panic, wato ya faɗi ya tsaya cik, ba a komawa ta BIOS, domin in aka bi ta can duk abin da ke cikin RAM ya tafi. Sai a yi tsalle kai tsaye zuwa na biyun, ya tashi a cikin 256MB ɗin nan kawai, ya kalli sauran RAM ɗin a matsayin fayil mai suna /proc/vmcore, ya kwashe shi zuwa /var/crash, sannan ya sake tayar da na'urar. Da safe ka zo ka tarar da gawa da takardar likita a gefenta.

Ɗan_Fagge:
Na gode Malam. To amma me ya hana a bari sai an faɗi sannan a nemi wurin? Yawancin lokaci sama da 5GB nawa a banza suke zaune.

'Yar_Samaru:
Wannan tambayar ita ce ainihin maganar, kuma an daɗe da biyan kuɗin koyonta. Kafin kdump akwai LKCD, akwai diskdump da netdump. Dukkansu kenel ɗin da ya faɗi suke sa wa ya rubuta bayanan mutuwarsa da hannunsa. To wanda ya haukace za ka aika ya kai wasiƙa? In abin da ya lalace direban faifai ne, ko wani makulli ya maƙale a hannun CPU da ta riga ta tsaya, sai rubutun ya tsaya cik. Mafi muni shi ne ya rubuta a inda bai kamata ba, ka rasa bayananka a kan rasa sabar. Shi ya sa aka koma ga kexec na Eric Biederman, kuma kexec da kdump suka shiga Linux 2.6.13 a 2005. Manufar ita ce bayan panic a yi aiki kaɗan ƙwarai a cikin tsohon kenel, a tsallake da wuri.

Dalilin ajiye wurin tun farko kuwa biyu ne. Na ɗaya, ana son yanki guda a jere a zahirin RAM. Bayan na'ura ta yi sati tana aiki, 5GB ɗinka da kake cewa a banza suke a warwatse suke kamar gonar gado, shafi nan shafi can. A farkon tashi ne kawai ake da fili fetal. Na biyu, kuma shi ne babba, DMA, wato yadda katuna ke rubutu a RAM kai tsaye ba tare da sun bi ta CPU ba. Lokacin panic ba wanda ke bi yana kashe katin netwok da na faifai cikin ladabi. Katin netwok yana nan yana zuba abin da ya shigo masa a adireshin da tsohon kenel ya ba shi, bai san maigida ya rasu ba. In sabon kenel ya zauna a wurin da aka taɓa ba wa wani kati, sai a yi masa rubutu a ka. Wurin da aka killace tun farko ba a taɓa ba kowa adireshinsa ba, don haka ba wanda zai zuba masa komai.

Mai_Gardama:
Duk wannan karatun na ji, Malama. Windows fa? Tana ba ka MEMORY.DMP bayan shuɗin allo, ban taɓa ganin ta yanke min kwatan giga ba. FreeBSD ma a swap take zubawa, savecore ya kwashe in an tashi.

'Yar_Samaru:
Gaskiya ne, su ta cikin kenel ɗin da ya faɗi suke rubutawa, ta wata siririyar hanyar faifai da suka tanada musamman, Windows zuwa pagefile, FreeBSD zuwa na'urar da ka nuna mata. Zaɓi ne, kuma yana yi musu aiki. Linux ta zaɓi ta biya da RAM don kada ta dogara da wanda ya faɗi, sannan a samu damar aika vmcore ta NFS ko ssh ko iSCSI da cikakkun direbobi, tunda Linux ce sukutum ta tashi a karo na biyu. Ba na cewa ɗaya ta fi ɗaya a ko'ina.

Mai_Gardama:
To ai shi ke nan. Ni VPS ɗina 2GB ne. 192MB kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan, kuma da dala nake biya. MariaDB ɗina tana kukan yunwa, OOM killer, mai kashe manhajoji in RAM ya ƙare, yana yawo da adda, ni kuma in ajiye nama a firji don baƙon da watakila ba zai zo ba har abada? Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu da Allah, mutum nawa ne a rukunin nan za su iya buɗe vmcore da manhajar crash su fahimci abin da suke gani? Ni dai ba na ciki.

Ɗan_Damagaram:
A nan ina bayan Mai Gardama, amma a kan VM kawai, wato na'urorin baƙi da ke gudana a cikin wata uwar na'ura. Mu a wurin aikinmu KVM muke amfani da shi, kuma mu ke riƙe da uwar na'urar. In baƙo ya sume, virsh dump --memory-only muke yi daga waje, mu samu fayil ɗin da crash ke karantawa, ba tare da an yanke wa kowane baƙo komai ba. Ka lissafa baƙi 30, kowanne 192MB, ka kusa 6GB ke nan a kwance. Uwar na'urar ce kaɗai muka bar wa crashkernel. Sai dai wanda ya yi hayar VPS ba shi da wannan damar, tunda ba shi ke da gidan ba.

Tsohon_Admin:
Ban ƙi ta taku ba. VPS mai 2GB da ke nuna shafin intanet, in ya faɗi a tayar da wani cikin minti biyar, ni ma ba zan sa masa kdump ba. Amma ku koma ku karanta saƙon farko. Yaron nan ƙarfe ne a gabansa, 256MB cikin 8GB wajen kashi 3 cikin 100, kuma yana da mutuwar da bai san sanadinta ba.

Batun iya karatu kuma, Mai Gardama, ba sai ka zama malamin crash ba. Kusa da vmcore akwai ɗan fayil mai suna vmcore-dmesg.txt. Saƙonnin kenel ne na ƙarshe, waɗanda journald bai samu damar kaiwa faifai ba saboda mutuwa ta riga shi. Sau da yawa layi 40 na ƙarshe sun isa su nuna maka sunan direban da ya yi ɓarnar. Wannan ko ɗan shekara ɗaya a aikin zai karanta.

Abin da nake so in ja kunnenka a kai, Ɗan Fagge, wani ne daban. Kasancewar layin a cmdline ba ya nufin abin zai yi aiki. Na taɓa aiki a wani kamfani, ba zan kama suna ba, muna da saba mai 512GB da katunan faifai da na netwok birjik. Wanda ya kafa ta ya kwafo crashkernel=128M daga wani tsohon rubutu. systemctl yana nuna kdump kore shar, kowa hankalinsa kwance. Shekara biyu. Ranar da ta faɗi da tsakar rana, kenel na biyu ya tashi, direbobi suka cinye ɗan wurin, shi ma ya mutu da yunwa, na'ura ta sake tashi, /var/crash wayam. Muka yi asarar RAM na shekara biyu, muka yi asarar shaidar, ga manya suna tambayar me ya faru. Sai da muka jira ta sake faɗuwa bayan sati uku. Tun daga ranar, duk sabar da ban kashe da hannuna na ga vmcore ya fito ba, ina ɗaukar ba ta da kdump.

Saboda haka yau da dare in an tashi daga makarantar, ka haɗa mata allo, ka tabbatar /sys/kernel/kexec_crash_loaded yana nuna 1, ka buga sync, sannan:

echo 1 > /proc/sys/kernel/sysrq
echo c > /proc/sysrq-trigger

Zai kashe ta da gangan. Ka zauna ka kalli abin da zai biyo baya.

Ɗan_Fagge:
Malam in kashe ta da hannuna?! Gabana ya faɗi wallahi.

Tsohon_Admin:
Ai tana mutuwa da kanta kullum ba ka nan. Gara ta mutu kana kallo. Ka yi ajiyar bayananka a wani wuri tukuna, ka tsayar da database ɗin.

Sabon_Shiga:
Afuwan in tambayar ta yara ce. A wani bidiyo na ga an ce a sa crashkernel=auto kawai, kenel zai zaɓa da kansa. Me ya sa ba za a yi hakan ba a huta da lissafi?

'Yar_Samaru:
Ba ta yara ba ce, ƙanena, tarko ne da ya kama manya. Wannan auto ɗin faci ne na Red Hat, yana cikin RHEL 6 da 7 da 8 da 'ya'yansu irin su CentOS. An kai shi babbar bishiyar Linux fiye da sau ɗaya, ba a karɓa ba. Hujjar masu ƙi ita ce girman da ake buƙata bai tsaya ga yawan RAM ba, ya danganta da katunan da ke jikin na'urar, da girman initramfs, da inda za a kai vmcore, kuma duk waɗannan kenel ba ya iya saninsu a daidai lokacin da yake yanke wurin. Suka ce a bar wa manhajojin sama su yanke shawara. Auto ɗin ma ba duba yake yi ba, jadawali ne aka dafa a ciki. A RHEL 7 kan x86_64 lissafin 160MB ne da ƙarin bit 2 kan kowane shafi na 4KB, wato ƙarin 64MB kan kowane 1TB. A RHEL 9 sun bar shi, suka fito da jadawalin fili, shi ne layin da Ɗan Fagge ya liƙa mana, kuma kdumpctl reset-crashkernel ke mayar da shi in ka ɓata. In ka sa auto a Debian ko a kenel ɗin da ka haɗa da kanka, ba abin da za a ajiye maka.

Yadda ake karanta layin: in RAM ya kama daga 1G zuwa ƙasa da 4G a ajiye 192M, daga 4G zuwa 64G a ajiye 256M, sama da haka 512M. Ƙasa da 1G ba a ajiye komai. Amfaninsa shi ne layi ɗaya ya yi wa na'urori iri-iri.

Ɗan_Damagaram:
Tunda an zo nan, Malama, ki warware min high da low. Na ga wata saba tamu tana da Crash kernel biyu a /proc/iomem.

'Yar_Samaru:
Wasu na'urori ba sa iya DMA sai a adireshin ƙasa da 4G. A da ma a x86 sai ƙasa da 896MB ake neman wurin, kuma in ka nemi babba sai a rasa. Yanzu crashkernel=512M kawai yana fara nema ƙasa da 4G, in bai samu ba ya haura sama. In ka rubuta crashkernel=1G,high kana cewa a fara daga can sama, sai kenel ya ƙara maka wani yanki a ƙasa da kansa, 256MB a x86_64, don swiotlb (zangon da bayanan irin waɗannan na'urori ke bi), wanda shi kaɗai 64MB ne, da sauran buƙatun DMA. Shi ne biyun da ka gani. Kana iya canza na ƙasan da crashkernel=128M,low misali, amma kada ka mayar da shi sifili sai ka gwada. A arm64 kdump bai zo ba sai 4.12 a 2017, high da low kuma sai 5.19.

*(washegari)*

Ɗan_Fagge:
Jama'a na gwada. Malam ka yi gaskiya, ba ya aiki! Ta faɗi, rubutu ya gudana, na ga kenel na biyu ya tashi har ya tambaye ni kalmar sirrin faifai. Na buga. Sai na ga Out of memory, an kashe wani abu mai suna cryptsetup, can sai ta sake tashi. /var/crash babu komai.

Tsohon_Admin:
Alhamdu lillahi da ka gani da idonka. Ashe faifanka a kulle yake da LUKS, ba ka faɗa mana ba.

'Yar_Samaru:
Buga cryptsetup luksDump a kan faifan, ka nemo layin Memory a ƙarƙashin keyslot. Ina zaton za ka ga 1048576 ko kusa da haka. LUKS2 yana amfani da Argon2 wajen mayar da kalmar sirri makulli, kuma da gangan aka gina shi ya ci RAM, har 1GB, don ya wahalar da ɓarawon da ke son gwada kalmomi miliyoyi da katin GPU. To ga shi kana neman buɗe ƙofar da ke buƙatar 1GB daga cikin ɗaki mai 256MB. Ko da RAM ɗin ya isa ma, wa zai buga kalmar sirrin ƙarfe uku na dare?

Buga kdumpctl estimate ma, zai nuna maka abin da yake ganin ya dace da na'urarka.

Ɗan_Fagge:
1048576 ne daidai, Yaya. Estimate kuma ya haura 1GB. Ni da na zo neman a dawo min da 256MB, yanzu ana cewa in ƙara giga guda?

Mai_Gardama:
Hahaha. An je neman ƙiba an samo rama. Na faɗa maka tun jiya.

'Yar_Samaru:
A'a, kada ka ƙara. Ka canza inda ake kai vmcore ɗin. Ko ka yanka wani ɓangaren faifai marar kulle don shi kaɗai, ko ka tura shi wata na'ura ta ssh. A /etc/kdump.conf ka sa layin ssh da sshkey, ka ƙara -F a layin core_collector, ka buga kdumpctl propagate, ka sake kunna kdump. Sabbin kenel na 2025 sun samu hanyar miƙa makullin dm-crypt ga kenel na biyu don kada ya sake yin Argon2, aikin wani injiniyan Red Hat ne, Coiby Xu, amma kada ka dogara da cewa yana cikin naka sai ka duba.

Ɗan_Damagaram:
Tsaya, Malama. Ɓangare marar kulle? Ai ya kulle faifan ne saboda bayanan yaran mutane. vmcore hoton RAM ne. In ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, ya samu abin da ake ɓoyewa a shimfiɗe.

Sabon_Shiga:
Ba -d 31 yana cire bayanan masu amfani ba? Na ga haka a kdump.conf ɗina.

'Yar_Samaru:
Yana cirewa. 31 jimla ce: 1 shafukan da sifili ne zalla, 2 da 4 shafukan cache, 8 na manhajojin masu amfani, 16 shafukan da ba kowa a kansu. Shi ya sa makedumpfile ke mayar da 8GB 'yan ɗaruruwan MB ko ƙasa, ga matsewa da -l. Amma Ɗan Damagaram ya fi ni gaskiya a nan, na janye shawarar farko. Abin da ya rage bayan tacewar RAM ɗin kenel ne, kuma makullin faifan da kansa a nan yake zaune muddin faifan a buɗe yake. Ajiye vmcore a fili kusa da faifai mai kulle daidai yake da rataye makulli a jikin ƙofa. A bi ta ssh zuwa na'urar da ita ma a kulle take. Kuma don Allah kada wani ya ɗora vmcore a Google Drive ya liƙo mana a rukuni. vmcore-dmesg.txt kawai za ka turo.

Tsohon_Admin:
In ka koma ssh ka sake gwaji, domin yanzu direban katin netwok ya shiga lissafi. Naka ƙaramin kati ne, 256MB zai isa in sha Allahu. A manyan katuna masu layuka da yawa ne ake shan wahala, shi ya sa direbobi da dama ke kiran is_kdump_kernel() su rage cin su, kuma shi ya sa ake tayar da kenel na biyu da nr_cpus=1. Ka kuma sa failure_action shell na ɗan lokaci, don in ya gaza ya tsaya ya ba ka dama ka duba maimakon ya gudu.

Mai_Gardama:
Bari in yi magana ta gaskiya ban da wasa. Abin da ke ba ni haushi a tsarin nan shi ne an bar mutum da caca. Ka sa kaɗan, ranar buƙata ya gaza. Ka sa da yawa, kullum kana asara. Ka ƙara kati ko ka sabunta kenel, lissafin jiya ya tashi aiki. Shekara 20 ana wannan, a ce har yau ba a samo hanyar ara wa manhajoji wurin su yi amfani da shi kafin ranar ba?

'Yar_Samaru:
An samo, a 2025. A 6.17 an karɓi aikin Jiri Bohac na SUSE, crashkernel=512M,cma misali, a x86. Ana yanke yankin ta CMA, tsarin kenel na ware yanki a jere da ake iya ba da aronsa, manhajojin masu amfani suna zama a ciki kullum kamar kowane RAM, ranar panic kenel na biyu ya karɓe shi ya ƙara a kan nasa. Tunda -d 31 zubar da shafukan masu amfani yake yi dama, ba a yi asarar abin da ake so ba. Har yanzu kana buƙatar ɗan killataccen wuri na asali da zai ɗauki kenel da initramfs, amma yana iya zama ƙarami. IBM ma suna da makamancin wannan a fadump na na'urorin POWER.

Mai_Gardama:
Yauwa! To a mayar da shi na kowa mana.

Tsohon_Admin:
Ka manta abin da Malama ta faɗa jiya kan DMA? Da zarar ka bar manhaja ta zauna a wurin, ana iya ba wa kati adireshinsa, misali karatun faifai kai tsaye. An yi panic, karatun yana kan hanya, ya sauka a kan sabon kenel. Maganin da suka sa shi ne a jira daƙiƙa 10 kafin tsallakawa don abin da ke hanya ya sauka. Takardun kenel ɗin da kansu sun ce zaɓin yana ƙara haɗarin gazawar kdump. Ni jira da fata ba ya kwantar min da hankali.

'Yar_Samaru:
Malam, a nan zan saɓa maka kaɗan, da girmamawa. Shafukan da aka daɗe da riƙewa don DMA, irin na RDMA, kenel yana fitar da su daga CMA kafin ya riƙe su. Gajerun ne suka rage, su kuwa daƙiƙa 10 zamani ne a wurinsu. Kuma ka auna da abin da ke faruwa a zahiri: labarin da ka ba mu da kanka, ba DMA ce ta kashe muku kdump ba, ƙarancin wuri ne. In mutum zai iya ba da 1GB ta CMA ba tare da ya ji zafi ba, gazawar yunwa ta ragu sosai, an ɗauki ƙaramin haɗari an sauke babba. Ga mai na'urori dubu, wannan ciniki ne mai riba.

Tsohon_Admin:
Ga mai dubu, na yarda, in ɗaya ta gaza gobe wata za ta ba shi. Ni da nake da guda huɗu kuma kowace faɗuwa ɗaya ce tak a shekara, zan biya 512MB ɗina in yi barci. Kuma in matsalar tana buƙatar ganin RAM ɗin manhaja, kin zubar da shi.

'Yar_Samaru:
Wannan haka ne. Mu bar shi a nan, ba na jin ɗayanmu zai motsa.

Sabon_Shiga:
In na ga na sa da yawa, dole sai na sake tayar da na'ura kafin in rage?

Ɗan_Damagaram:
Ragewa ba dole. Ka tsayar da kdump don a sauke kenel na biyu, ka rubuta sabon girman da bayit a /sys/kernel/kexec_crash_size, ragowar ya koma hannun kenel nan take. In ka rubuta 0 duka ya dawo. Ƙari ne ba ya yiwuwa sai da sake tashi. Shi ya sa wasu ke farawa da babba su yi ta ragewa suna gwaji. Amma ka gyara layin crashkernel ɗin da grubby ma, in ba haka ba gobe ya koma yadda yake.

*(bayan kwana huɗu)*

Ɗan_Fagge:
Ga rahoto. Na koma ssh zuwa laftof ɗina da na bari a ofis, na sake kashe ta da hannu, vmcore ya iso lafiya, 256MB ya isa. Jiya da dare kuma ta yi halinta. Na zo da safe da murna zan ga takardar likita. Babu komai! Laftof a kunne, kexec_crash_loaded yana 1, journal ya yanke ƙarfe 2:14 kamar an sa almakashi.

Mai_Gardama:
To Malam, ina mai gadin naka? Barci ya yi?

Tsohon_Admin:
Mai gadi ya ba da rahoto: ba ta ƙofarsa aka shigo ba. Da bai gwada ba, rashin vmcore ba ya nufin komai. Yanzu da ya gwada sau biyu, rashinsa yana nuna da wuya a ce panic ne. Ɗan Fagge, me ke ba na'urar wuta da dare?

'Yar_Samaru:
Kafin a yanke hukunci, akwai mutuwar da ba ta bi ta panic: na'ura ta daskare ƙam, ko zafi ya sa ta kashe kanta, ko allon uwa ya yi reset. Don daskarewa sa kernel.hardlockup_panic=1, ka tabbatar nmi_watchdog yana kunne. A manyan saba ipmitool chassis power diag ake aika mata don a tilasta NMI, wato katsewar da CPU ba ta iya ƙin amsawa, taka ba ta da wannan. Kuma in sauya wuta ce, suwic ɗin netwok ma yana iya ɗaukewa tare, ka duba shi ma a kan me yake.

Ɗan_Fagge:
Kai! Na tambayi mai gadin makarantar, na gaske ba na Malam ba. Ya ce wajen ƙarfe biyu batirin sola ke ƙarewa inbata ta yi ƙara ta ɗauke, sai ya tashi ya mayar da layin kan wutar gari in akwai. Na zare filogin UPS ɗin yanzu don in gani, ko daƙiƙa biyu bai riƙe ba. BIOS kuma an saita ta ta kunna kanta in wuta ta dawo. Laftof ɗin batirinsa ne ya rufa masa asiri.

Mai_Gardama:
Sati guda ana kenel, ana DMA, ana Argon2, ashe batiri ne. Yanzu dai za ka goge layin ko?

Ɗan_Fagge:
Zan bar shi, Yallaɓai, na riga na sha wahalarsa. Hardlockup_panic ɗin ma na sa. In na samu lokaci ranar Asabar zan gwada 192M in ga ko zai ɗauka. Yanzu dai wa ya san inda ake samun batirin UPS 12V 7Ah na kirki a Kano, wanda ba a sake masa leda ba?